Harshenmu da Masu Rubuta Wasa

'Yan'uwa, tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, mu na Samaru da Sabon Gari mukan taru gaban talabijin mu kalli wasanni irin su Daɗin Kowa. Amma ran da labari ya bi inda ba mu so, sai mu hau zagin wanda ya rubuta, har da iyayensa. Wannan zunubi ne. Mutumin nan, Allah ya halicce shi cikin kamaninsa, da alƙalami kuwa yake ciyad da iyalinsa. Mu karanta Yakubu sura 3. In wasa ya ɓata mana rai, mu faɗi aibin wasan, mu bar masa mutuncinsa. Gama 'ya'yanmu suna jinmu.