Nas Ta Yi Kuskure, Ta Kuma Faɗi Gaskiya: Wane Sakamako Ya Dace da Ita?

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2017, a asibitin Jami'ar Vanderbilt da ke birnin Nashville a ƙasar Amurka, aka umurci wata nas mai suna RaDonda Vaught ta yi wa wata dattijuwa 'yar shekara 75 allura. Za a ɗauki hoton cikin jikin matar ne da na'ura, ita kuwa tana jin tsoro, don haka likita ya rubuta mata Versed, maganin kwantar da hankali. Nas ɗin ta je wurin akwatin magunguna mai aiki da kwamfuta, ta buga haruffa biyu na farkon sunan. Da ba ta ga abin da take nema ba, sai ta tsallake shingen na'urar, ta ɗauko vecuronium, maganin da yake shanye tsokokin jiki, har da na numfashi. Akwai gargaɗi a kan murfin kwalbar. Garin magani ne da sai an haɗa da ruwa, alhali Versed da ruwansa yake zuwa. Duk da haka ta yi allurar, ba a kuma tsaya an lura da majinyaciyar ba. Kashegari matar ta rasu.

Da nas ɗin ta gane abin da ya faru, ba ta ɓoye ba. Nan take ta shaida wa likitoci da shugabanninta. Aka sallame ta daga aiki, aka karɓe lasisinta a 2021. A watan Maris na 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a watan Mayu kuma aka yanke mata shekara 3 a ƙarƙashin sa ido, ba tare da ɗauri ba. Asibitin kuwa, wanda bai sanar da hukumomin gwamnati ba sai da wani ya tona maganar a 2018, ba a gurfanar da shi ba.

Tambayar da ta rage ita ce: idan furta kuskure yana iya kai mutum gaban alƙali, wa zai sake furtawa?

Masu goyon bayan hukuncin suna da hujja mai ƙarfi. Tun daga makaranta ake koya wa kowace nas ta tabbatar da abu biyar kafin ta ba da magani: majinyacin, sunan maganin, yawansa, hanyar da za a ba da shi, da lokacinsa. Karanta rubutun kwalba bai kai minti ɗaya ba. Majinyaci ya miƙa hannunsa ne bisa amana, ba shi da halin bincika abin da yake cikin sirinji. Faɗin gaskiya bayan an yi ɓarna ba ya komo da rai, ba ya kuma shafe sakacin.

Amma ƙungiyoyin ma'aikatan jinya sun yi kashedi da wani haɗarin. Asibiti ba ya iya gyara abin da bai sani ba. Rahoton da Cibiyar Nazarin Magani ta Amurka ta fitar a 1999 ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 suna mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakurai, ya kuma nuna cewa yawancinsu daga gurɓataccen tsari suke fitowa, ba daga mugayen mutane ba. Magunguna masu sunaye kusan iri ɗaya, ƙarancin ma'aikata, gajiya, da sabawa da tsallake shinge, duka tarko ne. Nas ɗin da ta ce, "Na kusa ba da maganin da ba shi ba," ita ce take nuna inda tarkon yake kafin ya kama wani. Idan tsoro ya rufe mata baki, tarkon yana nan.

Gaskiyar magana, ɓangarorin biyu ba kishiyoyi ba ne. Kuskure yana da alhaki, wanda ya yi shi kuwa dole ya ɗauka. Sai dai adalci na ƙwarai yakan bambanta wanda ya yi tuntuɓe ya kira a taimaka, da wanda ya share sawunsa ya yi shiru. Na farkon ya cuci mutum ɗaya. Na biyun ya ƙara da cutar duk wanda zai kwanta a gadon nan gobe. Hukuncin da ya fi nauyi a kan mai furtawa fiye da mai ɓoyewa, darasin munafunci yake koyarwa.

Ita kuma nas, lamirinta ba ya jiran tabbacin cewa za a yi mata sassauci. Gaskiya ɗaci gare ta, amma bashi ce da majinyaci da iyalinsa suke bin ta. A shari'ar Vaught, wasu daga cikin iyalin marigayiyar sun shaida wa kotu cewa ba sa neman a ɗaure ta. Da wuya irin wannan tausayi ya samu inda aka binne gaskiya.

Wannan hali kuwa ba a ɗakin jinya ake fara koyonsa ba. Yaron da ya fasa tulu ya faɗa da bakinsa, aka yi masa dukan da ya fi na ɗan'uwansa da ya ɓoye, ya riga ya koyi abin da zai yi ranar da sirinji yake hannunsa.