Ɗana, Bari Wani Ya Fara Saye

Ɗana, na san idonka na kan sabuwar tabilet ɗin nan da ake ta tallatawa, har ka fara lissafin abin da noman rani zai kawo maka daga fadamar Watari. Ban hana ka saye ba. Kada dai ka shiga sahun farko.

Duk na'urar da ta fito sabuwa, a kan masu sayen farko ake gwada ta, kuma da kuɗinsu. A watan Yulin 2011 kamfanin HP ya fito da tabilet mai suna TouchPad a kan kusan dala 500. Ba a yi wata biyu ba kamfanin ya ce ya daina yin ta, aka karya farashin zuwa dala 99.  Apple ma, duk da sunansa, ya fitar da iPad ta uku a Maris ɗin 2012, kafin shekarar ta ƙare ya kawo ta huɗu da bakin caja daban. Ita kuwa Galaxy Note 7, wayar Samsung ta 2016, batirinta ya riƙa kamawa da wuta har aka janye ta daga kasuwa.

To, a ƙasashen waje ke nan, inda mutum kan mayar da kaya a ba shi kuɗinsa. Kai kana Bagwai. Ranar da gilashinta ya fashe, kuma da wuya ya tsira tunda ƙannenka ba barin ta za su yi ba, sai ka hau mota zuwa Kano, ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre. Mai gyara zai jujjuya ta ya ce, "Malam, wannan ai kayanta ba su shigo ba tukuna." Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi, ka dawo da ita a leda. Ko rigar da za ka sa mata ba lallai ka samu ba. Wadda ta shekara a kasuwa kuwa, gilashinta da batirinta ga su nan jibge, yaran gyara sun san ciwonta, kuɗinta ma ya sauka.

Ga kuma batun wuta. Babban allo cin caji gare shi, kuma talla ba za ta gaya maka yadda batirin zai kasance a zafin bazara ba, balle a shagon mai caji da janareta. Wasu tabilet ɗin ma ba su da wurin sa layi, sai ka kawo gida ka rasa intanet.

Ka ba ta ko da wata shida a hannun wasu. Idan ka tashi saye, ka fara zuwa wurin mai gyara kafin mai sayarwa, ka tambaye shi wace ce ba ta yawan zuwa teburinsa. Allah ya yi maka albarka.