BA KOWANE TABO NE KUTURTA BA



A garuruwanmu, Kankia da Kusada da ƙauyukansu, da zarar baƙin tabo ya fito wa yarinya a fuska ko wuya, gashinta ya fara zubewa, farcenta ya tsattsage, shi ke nan an yanke mata hukunci. Wannan ya ce kuturta ce, wancan ya ce sammu ne. A ware mata kwano, manemi ya ɗauke ƙafa. To wa ya ba mu wannan hurumin?

Likitocin fata sun yi bayanin cewa akwai cututtukan da garkuwar jiki ce da kanta take afka wa fata da saiwar gashi da farce, kamar wadda suke kira lichen planus. Tana zuwa da ƙaiƙayi, in ta lafa sai ta bar baƙin tabo. Ba a ɗaukarta ta hanyar musabaha ko cin abinci tare. Ita kuwa kuturta, alamarta tabo ne mai haske wanda ba ya jin taɓi, kuma ana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, kyauta.

A fiƙihu, Risala ta ambaci aibobi 4 da ake mayar da aure saboda su: hauka, kuturta, albaras da ciwon farji. Muktasar Khalil kuma ya nuna sanƙo ba ya ba miji zaɓi, sai in ya shardanta lafiya tun farko. Kun ga hukunci yana rataye ne da tantance cutar, kuma tantancewa aikin masana ne. Majalisar bakin titi ba ta da wannan ilimin.

Ku tuna hadisin Bukhari da Muslim na mutum uku cikin Banu Isra'ila. Mai albaras da mai sanƙo duk sun koka da ƙyamar da mutane suke musu. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi. Annabi Ayyub (AS) ya daɗe yana jinya, darajarsa ba ta ragu ba. In har cuta ba ta rage darajar Annabi ba, don me za a mayar da ita shaidar zunubi a kan 'yar maƙwabcinka?

Iyaye, ɓoyewa ma zalunci ne. Irin wannan cuta in ta cinye saiwar gashi, ba ya sake tsirowa. Ku daina saye mata man bilicin, yana sirantar da fata, wani ma ƙara baƙin yake yi. Ku kai ta Babban Asibitin Kankia, in abin ya fi ƙarfinsu a tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In manemi ya zo, ku faɗa masa gaskiya da abin da likita ya ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu. Amin.