Takobin Aro: Darasi Daga Gidan Sarautar Holan

In faɗa ya tashi tsakanin 'yan gida ɗaya, ya halatta wani ɓangare ya kira baƙo ya murƙushe masa ɗan'uwansa? Tarihin ƙasar Holan yana da abin faɗi a kan wannan tambaya.

Wiliyam na Biyar, na gidan Oranj, ba sarki ba ne. Holan jamhuriya ce a lokacin, amma shi ne shugaban mayaƙanta, kuma gadon muƙamin ya yi daga mahaifinsa. Bayan yaƙi da Ingila daga 1780 zuwa 1784, wanda ya jawo wa ƙasar babbar asara, wata ƙungiya mai kiran kanta Masu Kishin Ƙasa ta tashi tana neman a rage masa iko, a ba jama'ar birane murya. A 1787 mutanensu suka tare matarsa Wilhelmina a hanya. Ɗan'uwanta, sarkin Purusha ta ƙasar Jamus, ya aiko da soja wajen 20,000, suka mai da Wiliyam kan kujerarsa.

A nan ne gwaji ya zo masa. Yana da damar ya saurari kukan waɗanda aka ka da, ya gyara abin gyarawa. Bai yi ba. Aka kori abokan hamayya daga muƙamansu, dubbai suka gudu Faransa. Shekara takwas bayan haka suka komo tare da rundunar juyin juya halin Faransa, wadda ta ƙetare koguna da suka daskare don sanyi. Ran 18 ga Janairu 1795 Wiliyam ya shiga jirgin masunta a Shebeningen ya tsere Ingila. Bai ƙara taka ƙasarsa ba, ya rasu a Jamus a 1806.

Su ma masu nasara ba su tsira ba. Faransa ta ɗora wa sabuwar jamhuriyarsu biyan gilda miliyan 100, da ciyar da sojanta 25,000. A 1806 Napoliyon ya naɗa musu ƙanensa sarki, a 1810 ya haɗiye ƙasar ɗungum. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wani zai ce wanda aka zalunta yana da haƙƙin neman taimako duk inda ya samu. Maganar tana da nauyi, gama waɗanda aka kora a 1787 ba su da wata ƙofa a gida. Amma wa ya rufe ƙofar? Wanda ya ci nasara ya ƙi jinƙai. Saboda haka laifin mai iko ya fi girma, ko da yake na biyun ma ya girbi abin da ya shuka. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ɗan Wiliyam ya sauka a Shebeningen ɗin nan a 1813, ya zama sarki a 1815. Wannan karon 'yan ƙasar ne suka kira shi, aka kafa tsarin mulki, kuma bai bi tsoffin abokan gāban mahaifinsa da ramuwa ba, har ya riƙe da yawansu a aikin gwamnati. Zuriyarsa ce take sarauta a Holan har yau.

Mai iko, ko a ƙasa ko a gida ko a ikkilisiya, ya kamata ya sani ranar da ya yi nasara ita ce ranar sulhu. In ya bar ta ta wuce, wanda ya kora zai komo, kuma ba shi kaɗai zai komo ba.