Tambarin motar Kawu: ciniki na yi ko cuta?

Mai karatu, a wannan watan ka yi mani haƙuri, zan ajiye zancen fim da littafi a gefe. Wata shari'a na kawo maka, ina so ka hau kujerar alƙali. Ni ne wanda ake ƙara. Ni ne kuma na shigar da ƙarar, domin shi wanda abin ya shafa bai taɓa kai kuka na wurin kowa ba.

Ina da kawu, wan mahaifiya ta, tsohon direba a ƙasar Ajingi. Ya fi shekara 20 ya na jan Land Rover, wadda mutanen mu ke kira Landiroba, ya na kwaso fasinja da buhuna daga wajejen Toranke da Balare da Gafasa zuwa Gaya, ran Juma'a kuma ya miƙe kasuwar Wudil. In ka san hanyoyin ƙauyukan nan kafin su ga burji, ba sai na gaya maka abin da ya sa wannan mota ta yi sarauta ba. Da rani rairayi, da damina taɓo, ita kuwa direba ya sa mata babbar giya ta wuce abin ta. Daga baya babura su ka cika ko'ina, kayan gyara su ka yi tsada, idon Kawu ya soma rauni. Yanzu ta daɗe a bayan gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba.

Ina kuma da aboki a Kano, ɗan kasuwa mai rufin asiri, wanda Allah ya jarrabce shi da wata irin sha'awa. Wasu tattabaru su ke tarawa, wasu agoguna, shi kuwa ƙarafunan adon nan da ake kafawa a hancin mota. A falon sa akwai kabad na gilashi. In ka leƙa za ka ga tauraron Marsandi mai tsini uku da ya samo a kasuwar Ƙofar Ruwa, da karen nan mai ƙaton kai na gaban tankokin Mack, da zakin Fijo iri-iri, da ragon Dodge da ya yi oda daga Amurka. Mahaifiyar sa ta rantse ba za ta yi salla a falon ba muddin karen nan na ciki, amma wannan wata shari'ar ce daban.

A bakin sa na ji asalin abin. Motocin farko murfin lagireton su a fili ya ke, a can gaba, inda kowa ke gani. Sai aka soma yi masa kwalliya. Rolls-Royce ta ɗora macen nan mai kamar za ta tashi sama a 1911. Wasu kuma ma'aunin zafi su ka riƙa ɗaurawa a wurin, don direba ya hango in ruwa ya tafasa. Mack ya kafa karen sa a 1932. Daga baya aka lura tsinin nan na yanka mutum in mota ta buge shi, sai aka soma cirewa. Fijo ta sauke zakin ta daga kan bonet tun ƙarshen shekarun 1950. Abin da aka daina ƙerawa kuwa, ka sani, shi ke yin tsada.

Ita Land Rover ba ta taɓa irin wannan gayu ba. Abin da ke kan bonet ɗin ta safaya taya ce. Motar wahala ce tun fil azal: an fara nuna ta a birnin Amsterdam a 1948, an kuma yi gangar jikin ta da goran-ruwa saboda ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Adon ta kawai wani ɗan faranti ne mai siffar ƙwai, ɗauke da sunan motar da na garin Solihull inda ake ƙera ta, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. A Janairun 2016 aka daina ƙera tsohon samfurin, darajar tsofaffin ta ƙaru, masu farfaɗo da su a Turai kuma sun fi son faranti na asali a kan na kwaikwayo.

To, ranar da na yi suɓul da baka na ba aboki na labarin motar Kawu, sai ya gyara zama. "Don Allah mutumina, in ka je gida ka ɗauko mani hoton gaban ta." Na ɗauko. Ya buɗe waya ya nuna mani yadda ake sayar da irin farantin a intanet, da fam na Ingila. Na buga lissafi da naira, na sake bugawa. Ba kuɗin kujerar Makka ba ne, kada ka zaci wani abu. Amma za su sayi buhun taki biyu, kuma kai ka san abin da buhun taki biyu ke nufi ga tsoho mai 'yar gona. Aboki na ya ƙirgo N10,000 ya ce in taya masa.

Na sami Kawu a zaure bayan la'asar. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, dariya ya yi har da tari.

"Farantin kawai? Ban da injin? Shi abokin naka lafiyar sa ƙalau kuwa?"

Na ce ƙalau ya ke, sha'awa ce.

"To ɗan nan, ni ban san kan wannan ciniki ba. Kai ne ɗan birni. Nawa ake sayen irin sa?"

Na ce, "Kawu, ya ce zai ba da dubu goma."

Mai karatu, tsaya nan ka dubi amsar nan da kyau, don a kan ta shari'ar ta ke. Ya tambaye ni nawa ake saye, ni kuma na gaya masa nawa aka taya. Ban yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Kawu ya yi ta sa albarka. Ya ce bara 'yan gwangwan sun zo, su a kilo su ka so su auna motar ɗungurungum. Shi da kan sa ya ɗauko sukundireba ya durƙusa ya na kwancewa, ya na ba ni labari. Wannan loɓawar ta gefe, wani bijimi ne ya yi ta a karar Wudil. Wani dare da damina an tashe shi ya ɗauki mai naƙuda, ba su kai Gaya ba ta haihu a bayan motar, kuma har yau ana tsokanar yaron da sunan motar alhali shi ma ya aurar da 'ya. Amaren da ta kai da gawarwakin da ta ɗauko, ya ce Allah kaɗai ya san adadin su. Ya goge farantin da bakin rigar sa ya miƙo mani.

Bari in fara da kare kai na, don ina da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ba a tilasta wa kowa ba. Ya sayar da yardar sa, ya na murna. Kuɗin da ya karɓa sun ninka abin da mai gwangwan zai ba shi a kan wannan ɗan guntu sau ba adadi. A duk faɗin Ajingi babu mai sayen farantin ko da naira ɗari, to ina darajar ta ke in ba a wurin wanda ya san ta ba? Aboki na ma haka ya ce da na tayar masa da zancen: "In na biya farashin Landan a Ajingi, ina amfanin shekarun da na yi ina koyon abin?" Gaskiyar sa. Kasuwa gaba ɗayan ta a kan haka ta ke tafiya. Dillalin shanu a Wudil da sanin sa ya ke ci, haka mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi. In aka ce dole kowa ya zazzage abin da ya sani kafin ciniki, an rufe kasuwa kenan.

Akwai kuma hujjar da masu tara kayan da su ka fi so, wato cewa ceto su ke yi: ba don su ba, da abin ya tafi wuta. Da farko ta burge ni. Amma da na yi tunani sai na ga ba a ƙasar Gaya za a tsorata mutum da wuta ba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne su ka ƙera wa Bayajidda wuƙa, ya kuma ce shi kan sa Kano da aka sa wa birni sunan sa maƙeri ne daga Gaya da ya je Dala neman tama. Mutanen nan sun daɗe da sanin cewa ƙarfe ba ya mutuwa, sake haihuwa ya ke yi. Jikin Landiroba in ya shiga hannun masu narka goran-ruwa, tukwane zai zama, a dafa tuwon biki a ciki. Wa ya isa ya rantse cewa zama a kabad a falon mutum ɗaya ya fi wannan daraja? Ni dai ina son a adana kayan tarihi, har ga Allah. Sai dai in mutum ya ce ceto ya yi, ya kamata a tambaye shi: ka ceto wa wa?

Abin da ya rushe mani kariya ta, wani malami ne da na kai wa tambayar a fakaice, kamar labarin wani. Ya tuna mani cewa Musulunci ya hana mutum ya tare fatake a hanya ya saye kayan su kafin su shigo kasuwa su ji farashi. Ya ce malaman Malikiyya ba su warware ciniki don kawai wani ya sayar da araha. Baligi mai hankali in ya yi cinikin sa, ya yi. Amma sun ware mutum guda: wanda ya fito fili ya ce bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga sanin ka. Wannan ba abokin ja-in-ja ba ne kuma, amana ya ba ka. Sai malamin ya tambaye ni, "Shi mai kayan, ya tambaya?"

Ya tambaya mana. Kuma ba aboki na ya tambaya ba, ni ya tambaya, ɗan ƙanwar sa da ya sha ɗauka kyauta a gidan gaba. Shi ya sa na ke ganin laifin aboki na kaɗan ne. Shi mai saye ne, ya taya, taya kuwa ba zagi ba ce. Ba na ma cewa dole a biya Kawu farashin Landan, don Ajingi ba Landan ba ce, akwai ɗawainiya a tsakani. Abin da ya ke bi na bashi shi ne labarin. Da na ce masa, "Kawu, a can waje ya kai kaza, shi kuma ga abin da ya taya," da ya zaɓa da idon sa buɗe. Wataƙila ma ya ce a kai masa kyauta, don na san halin sa. Amma da kyautar tasa ce, ba tawa ba da na yi da kayan sa.

Abin da ya fi ci mani rai ma shi ne wannan. A zauren nan ilimi biyu ne su ka haɗu. Ni na san kuɗin farantin, shi ya san rayuwar sa. Shi ya juye mani nasa duka, bijimi da mai naƙuda da amare, bai rage komai ba, bai nemi ko sisi ba. Ni kuwa na dunƙule nawa a aljihu. Yanzu farantin na cikin kabad, an manna masa 'yar takarda mai shekarar ƙira da sunan Solihull. Babu Ajingi a jiki, balle sunan wanda ya tuƙa ta.

Kada ka ce wannan matsalar masu tsofaffin motoci ce. Kai da ke karanta mujallar nan, me ke cikin tsohuwar adakar gidan ku? Tun daga Turmin Danya na 1990 aka yi ta zuba finafinan Hausa a kaset, da faifan CD ya zo aka watsar da kaset, da waya ta zo aka watsar da faifan. Fastocin da aka liƙa a shagunan haya, da bugun farko na littattafai irin su In Da So Da Ƙauna da aka yi ta karɓar aro har bango ya cire, duk sun soma zama abin nema. Wata rana wani zai yi sallama ya tambayi gwaggon ka ko ta na da su, ita kuma ta juyo ta ce da kai, "Nawa ake sayen irin su?" Ko kuma kai ne za ka zama mai sallamar.

Da ƙaramar salla na koma Ajingi. Kafin nan mun yi ta cacar baki da aboki na har ya ƙara wani abu, ni ma na cika da nawa. Na zauna gaban Kawu na faɗa masa komai, na nuna masa hoton a waya. Ya kai wayar kusa da idon sa ya daɗe ya na dubawa.

"Ashe?" Abin da ya ce kenan.

Ya ƙirga kuɗin sau biyu ya sa a aljihu. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce ya yi fushi ba, sai ya shiga tambaya ta lafiyar yara. Washegari da safe na zagaya bayan gida, na tarar farantin baya ma babu shi, sai ramukan kusa. Na tambaye shi. Ya ce ya na cikin akwatin sa, kuma kuɗin sa buhun taki biyar, ba ragi. Sharaɗi na biyu, ba aike. Mai so ya zo Ajingi da ƙafar sa, ya zauna a zaure, a gaisa tukuna.

Na isar da saƙon. Aboki na ya ce biyar ta yi yawa, amma ya tambaye ni ko hanyar na da kyau yanzu.