Likita Ma Yana Buƙatar Mai Ce Masa Subhanallah



Ni dai ba likita ba ne, ba kuma ɗan boko ba. Sana'ata wake da albasa a kasuwar Bodija, idan limamin masallacin layinmu ya yi tafiya kuma ni nake jan sallah. Abin da ya sa na tsoma baki a maganar asibiti shi ne 'yata ta biyu nas ce, shekararta shida tana aiki a wani asibiti a nan Ibadan. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini sunan likita ko na majinyaci ba, don aikin nasu akwai amana.

Wata rana da safe ta dawo daga aikin dare, ta biyo ta gidana kafin ta wuce ɗakin mijinta. Na ga idonta ya yi ja. Na ce lafiya? Ta ce, "Baba, tambaya na zo yi maka ta addini."

Ga abin da ya faru. An kwantar da wani yaro ƙarami a ɗakin da take aiki. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, kilo kaza magani kaza. Likitan da ke aiki a daren ya rubuta allura, ita kuma da ta zo haɗawa ta ga adadin ya yi yawa ƙwarai. Ɗigo ɗaya ne ya ɓace a rubutun, inda ya kamata a ga 0.5 sai aka ga 5, ka ga ninki goma ke nan. Ta same shi, ta sassauta murya ta ce ya ƙara dubawa. Sai ya ɗaga murya a gaban majinyata da 'yan jinya, wai yaushe nas ta fara koya wa likita aiki, wai shekara nawa ta yi a jami'a. Ya wurga mata fayil ɗin ya faɗi ƙasa, ya ce ta yi abin da aka rubuta. Ta ɗauka, ba ta yi allurar ba, ta je ta sami shugabar nas-nas, ita kuma ta kira babban likita a waya. Aka duba, aka gyara. Yaro ya warke, alhamdu lillahi. Shi kuwa har gari ya waye bai ce mata ko sannu ba.

Tambayarta ita ce: "Baba, da na yi shiru na yi abin da ya rubuta, alhakin yaron nan a wuyan wa yake?" Sannan ta ƙara wata magana da ta fi tsaya mini a rai. Ta ce wata sabuwar nas da ta ga abin da idonta ta ce mata, "Anti, ni wallahi ko na ga kuskure ba zan yi magana ba, ba zan iya wannan tozarcin ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da farko na ɗauki abin a matsayin rashin ladabi kawai, irin wanda za a ce a yi haƙuri, halinsa ne. Da na ƙara tunani sai na ga abin ya wuce nan. Tsawar da ya yi ba ta tsaya a kan 'yata ba. Ta rufe bakin waccan yarinyar, kuma gobe idan ɗigo ya sake ɓacewa, ɗan wani ne a kan gadon. Wataƙila ɗanka, wataƙila jikana.

Mu da muke jan sallah mun san wannan mas'ala tun muna Islamiyya. Liman yana iya mantuwa, ya tashi inda ya kamata ya zauna, ko ya zauna inda ya kamata ya tashi. Shari'a ba ta ce mamu ya yi shiru don liman ya fi shi karatu ba, ta ce ya yi masa tasbihi. Kuma ba ta ce sai malami a cikin sahu zai yi ba, ko yaro ne ya lura, ya ce subhanallah. Ni kaina an sha yi mini. Akwai ranar da wani almajiri mai wankin hula ya tuna mini a sallar Isha'i, ga alhazai a sahun gaba ba wanda ya lura.

Wanda ya fi kowa daraja ma an tuna masa. Hadisin Zul-Yadaini yana cikin Bukhari da Muslim, yana kuma cikin Muwaɗɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallama bayan raka'a biyu a ɗaya daga cikin sallolin rana masu raka'a huɗu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna wurin, amma kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya tambaya ko an rage sallar ne ko kuwa mantuwa aka yi. Annabi bai tsawata masa ba, bai tambaye shi matsayinsa ba. Ya juya ya tambayi jama'a ko haka ne, suka tabbatar, ya cika abin da ya rage, ya yi sujjada biyu bayan sallama. Daga nan muka samu hukuncin ba'adi da muke koya wa yara. To idan fiyayyen halitta ya saurari gyara daga cikin sahu, waye ni, waye dokta?

Akwai wani hadisin a cikin Muslim da ya fassara girman kai da abu biyu, ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. Ku duba labarin 'yata, duka biyun suna ciki, kuma ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ya raina mai maganar, shi ya sa bai ji maganar ba.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙasarmu ne kaɗai. A Ingila, a shekarar 2005, an kai wata mata mai shekara 37, uwar 'ya'ya biyu, ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa mata maganin barci sai numfashinta ya toshe. Manyan likitoci ƙwararru suka duƙufa suna ta ƙoƙarin zura mata bututun iska ta baki, abu ya ƙi, suna ta maimaitawa, lokaci yana tafiya. Wata nas ta ɗauko kayan da ake huda maƙogwaro da su don iska ta shiga, ta sanar cewa ga su nan, ba wanda ya kula ta. Wata kuma ta je ta nemi gado a ɗakin masu tsananin ciwo, da ta dawo ta faɗa aka yi mata kallon mai zuzuta abu, sai ta je ta soke. Ƙwaƙwalwar matar ta lalace saboda rashin iska, ta rasu bayan kwana 13. Mijinta matuƙin jirgin sama ne, shi ya nemi a yi bincike, ba don a kori kowa ba, don a gane abin da ya faru. Binciken ya nuna nas-nas ɗin sun gane abin da ya kamata a yi, hanyar da za su sa a saurare su ce ba su samu ba. Kuma waɗannan likitocin ba mugaye ba ne, ba su zagi kowa ba, hankalinsu ne ya tafi wuri ɗaya. To ina ga inda an riga an saba da tsawa da jifa da fayil?

Irin wannan ne ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi da ake bi a ɗakin tiyata. Ɗaya daga cikin abin da ke ciki shi ne, kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har nas. Da 'yata ta gaya mini sai na ce ai wannan daidaita sahu ne. Wanda aka san sunansa, aka ji muryarsa tun farko, ya fi samun ƙarfin buɗe baki idan ya ga abu.

Ba tsawa kaɗai suke gani ba. Ta ba ni labarin wanda yake kashe wayarsa alhali shi ne mai jiran kira da dare, nas ta rasa yadda za ta yi da mai zubar jini, da safe kuma ya zo yana faɗan me ya sa ba a neme shi ba. Da wanda yake amsa waya yana dariya, majinyaciya tana kwance a buɗe tana jiransa. Da wanda yake yi wa majinyaci ba'a da Turanci a kan ƙibarsa ko warin jikinsa, yana zaton bai ji ba. Da wanda ba ya kiran nas da sunanta sai "ke", ko kuma ya wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, kalaman banza da kai hannu inda bai dace ba, ga matar aure ko budurwa, idan ta nuna ɓacin rai a ce ba ta san wasa ba. Wannan na ƙarshen ba wauta ba ce, zalunci ne, kuma mai yinsa ya san ta ƙasa da shi ce shi ya sa yake yi.

Yanzu bari in yi wa likitoci adalci, don Allah ya hore mu da adalci ko a kan wanda muke fushi da shi. Likita yana shekara shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta horo a asibiti, sannan ga hidimar ƙasa. Abokan karatunsa da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya. Wani zai kwana ya wuni bai runtsa ba, ga rashin wuta, ga rashin kayan aiki, ga 'yan'uwan majinyaci suna zaginsa. Idan aka yi rashi shi ake fara nuna wa yatsa. Ita kanta 'yata ta ce mafi yawansu mutanen kirki ne, akwai wani dattijon likita da ba ya barin gadon majinyaci sai ya tambayi nas, "Me kika gani da dare?" Kuma ni ma na san gajiya tana sa mutum ya faɗi abin da bai so ba.

Amma gajiya uzurin kuskure ce, ba uzurin girman kai ba. Ban ga laifin wancan likita don ɗigo ya ɓace masa da tsakar dare ba, ɗan Adam ne. Mai gajiya ma ai shi ya fi buƙatar ido na biyu a kan rubutunsa. Laifinsa shi ne da aka nuna masa ya zaɓi kare girmansa a kan ran yaro, kuma da gaskiya ta fito ya kasa cewa na gode. Nas ɗin ma ba ta yi barci ba a wannan daren, albashinta kuma bai kai nasa ba.

Na san wani zai ce, "Malam, su nas-nas ɗin fa? Ai su suka fi kowa yi wa matanmu tsawa a ɗakin haihuwa." Gaskiya ne, yana faruwa, kuma na faɗa wa 'yata a fuskarta. Na ce mata duk abin da ya yi miki ciwo daga likita, ki sani haka yake yi wa majinyaci ciwo daga gare ki. Wulaƙanci kamar ruwa yake, gangare yake bi. Babba ya zuba wa ƙarami, ƙarami ya zuba wa nas, nas ta zuba wa mai shara da matar da ta zo daga Sabo ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci. Wani dole ne ya tare shi a wurinsa, ya ce daga kaina ba zai wuce ba.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mun shiga asibiti, duk namiji mai farar riga "dokta" ne, muna rusuna masa, ita kuwa wadda ta kwana tana juya mahaifiyarmu, tana canza mata ƙarin ruwa, ko gaisuwar kirki ba ta samu. Har yau akwai masu ganin aikin nas ba na 'yar mutunci ba ne, na ji wannan da kunnena lokacin da na sa tawa makarantar. Alhali Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu ciwo a yaƙin Khandaƙ, Annabi da kansa ya sa aka kai shi tantinta. Sannan kullum muna kukan matanmu ba sa samun mace 'yar'uwarsu mai jin Hausa a asibitocin garin nan. Ta ina za a samu, idan waɗanda suka shiga aikin ana cin mutuncinsu a ciki, mu kuma muna raina su a waje?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bayan tafiyar 'yata na tuna yaron shagona. Watannin baya ya ce mini lissafin buhunan da na rubuta bai yi daidai ba, na ce masa tun kafin a haife shi nake wannan kasuwa. Daga baya na ga shi ne da gaskiya, na gyara a ɓoye, ban ce masa komai ba. Bambancina da wancan likita shi ne nawa kuskuren na kuɗi ne. Washegari na kira yaron a gaban sauran na ce masa ranar nan kai ne daidai. Kunya ta kama shi, ni ma ta kama ni, amma tun daga ranar yana gaya mini abin da ya gani.

Amsar da na ba 'yata ita ce, da ta yi shiru tana sane, da tana da kaso a cikin alhakin, don ba a yi wa abin halitta biyayya a kan cutar da rai. Na ce ta ci gaba da magana, da ladabi, a keɓe idan da hali, amma hannunta kada ya yi abin da ta san kuskure ne. Idan kuma abin ya kai ga cin zarafi, ta rubuta rana da lokaci ta kai wa shugabanninta, akwai kuma hukumar da ke ba likitoci lasisi a ƙasar nan, tana karɓar ƙorafi. Kai kukan zalunci ga wanda zai iya gyarawa ba gulma ba ce, malamai sun cire shi daga cikin giba. Na kuma roƙe ta ta nemi waccan sabuwar nas ta zauna da ita, don ita ce abin tsoro a cikin labarin nan.

'Ya'yanmu na Sabo da ke karatun likita, kuna nan kuna ƙaruwa, muna alfahari da ku. Ranar da wata nas ta tsayar da ku ta ce ku ƙara dubawa, ku duba. In ita ce daidai ku gode mata a gaban mutane, in ku ne daidai ku yi mata bayani ba tare da tozarci ba, don ta sake yin magana gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa mu cikin masu karɓar gyara. Wassalamu alaikum.