WAƘAR SALLAMA

Ya mai karatu, in mai jan sujada ya ce, "Mu tashi mu yi waƙar sallama," ina hankalinka yake? Ran Lahadi ce kasuwar Tawa take ci. Baki yana waƙa, zuciya ta riga ta kai wurin masu hatsi. Wata tana goya yaro, wani yana duban ƙofa. Ashe sujada ta ƙare tun ba a ƙare ta ba?

Turawa suna da kiɗan da akan yi sa'ad da jama'a ke fita daga majami'a. Suna ce masa fostilud, daga Latinanci, wato kiɗan da ke zuwa a baya. Sunan bai faɗi kome ba sai lokacinsa. Tamu kalmar ta fi nauyi.

Dubi yadda muke sallama a Adar. Bayan girbi, saurayin Keita ko Bouza yakan ɗaura niyyar ci-rani, zuwa Abijan ko Ikko. Ba ya sulalewa da dare kamar ɓarawo. Yakan durƙusa gaban ubansa, uban ya yi masa gargaɗi, ya sa masa albarka, uwa ta ƙulla masa guzuri. An sallame shi ke nan. Ba korarsa aka yi ba, aikensa aka yi, da sunan gidansu a kansa. Haka kuma a asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950: majinyaci ba ya sallamar kansa. Likita ne mai sallama, shi kuwa ya koma gonarsa.

To, wa ke sallamarka ran Lahadi? In Ubangiji ne, yaya za ka juya masa baya yana cikin sa maka albarka?

Karanta Matiyu 26:30. A daren da aka ba da Yesu Almasihu, bayan jibin Idin Ƙetarewa, shi da almajiransa sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Yahudawa sukan rera Zabura 113 zuwa 118 a wannan idi. Yesu ya san abin da ke jiransa a waje: masu takuba, da shari'ar zalunci, da gicciye saboda zunubanka da nawa. Duk da haka bai yi gaggawa ba, bai tsallake waƙar ba.

Amma kada ka ce waƙa laya ce. Bitrus ma yana cikin masu waƙar nan, kafin zakara ya yi cara kuwa ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Murya ba ta tsare shi ba. Sai da ya fita ya yi kuka mai zafi, daga baya Yesu ya komo da shi, ya sāke aikensa.

Ran Lahadi mai zuwa, tsaya har Amin na ƙarshe. Sa'an nan ka fita. Mai yiwuwa wanda ba ku gaisawa tun rikicin iyakar gona yana nan bakin ƙofa, shi ma yanzu aka sallame shi.